Minjirya da Tarihin Wutar Lantarki Marar Waya a Cikin Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titi daga Tudun Wada zuwa Kongo, in ya ɗaga kai, abin da zai fara gani shi ne turaku da wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Da ya bi wayoyin nan har ƙarshensu, waɗansu za su kai shi Kainji, inda aka tare Kogin Kwara a 1968, waɗansu kuma Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990. Ruwan Kubanni ɗin nan da ke ratsa Zariya yana faɗawa Galma, Galma ta faɗa Kogin Kaduna, shi kuwa Kogin Kaduna shi ne ke juya injunan Shiroro. Watau ruwanmu yakan tafi ne ya dawo mana a matsayin wuta, amma ba ya dawowa sai ta cikin waya. Saboda haka ne yawancinmu muka ɗauka cewa lantarki da waya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

To, amma a cikin kogunan nan akwai wata halitta wadda ke yin wutarta da kanta, ta kuma aika da ita ta cikin ruwa ba tare da ko zare ɗaya na waya ba. Masunta na kiranta minjirya. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi diddigin yadda 'yan Adam suka lura da wannan kifi da 'yan'uwansa, suka yi ta ƙoƙarin kwaikwayonsu, har aka zo ga injunan da ake cajinsu a ƙarƙashin teku a yau. Mai karatu zai ga cewa wannan tarihi ya ratsa ta kogunan Afirka sau da yawa, amma kusan ba a ambaci sunan mutanen bakin kogin a cikinsa ba.

Ita Kanta Minjirya

Minjirya dangin tarwaɗa ce. Ba ta da ɓawo a jiki, tana da gashin baki shida, jikinta a kumbure yake da taushi. Ana samunta a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da Kogin Nilu, da sauran ruwayen Afirka masu zafi. Babbarta takan kai mita guda da 'yan kai, nauyinta kuma ya kai kilo 20, ko da yake yawancin waɗanda ake kamawa ba su kai haka ba. Da dare take farauta. A ƙarƙashin fatarta akwai wani nama da ya lulluɓe kusan duk jikinta kamar taguwa, kuma shi ne tashar lantarkinta. Ƙarfin wutar babbar minjirya yakan kai bolt 350, alhali kuwa wutar da ke shiga gidajenmu ba ta wuce 230 zuwa 240 ba. Abin da ya sa ba ta kashe babban mutum shi ne, wutar ba ta daɗewa, ƙiftawar ido ce. Amma ta isa ta sumar da ƙaramin kifi, ta kuma sa hannun masunci ya sage.

Abin lura a nan shi ne, ba lalle sai an taɓa ta ba. In tana kusa, ruwan da ke tsakani ya isa ya kai saƙon. Wannan shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Daga Misira Zuwa Bagadaza

Mutanen Misira na dā sun san ta. A kabarin wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Ti, a Saƙƙara, akwai zanen masunta da kifaye iri iri wanda aka sassaƙa wajen shekara 2,400 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma minjirya na cikinsu. Girkawa da Rumawa kuwa wani kifin teku suka fi sani, mai faɗi kamar faifai, wanda Turawa ke kira tofido. Wani likitan Rum, Scribonius Largus, ya rubuta wajen shekara ta 47 cewa a ɗora kifin nan da ransa a kan mai ciwon kai, mai ciwon gaɓɓan ƙafa kuma ya taka shi a bakin teku har ƙafar ta mutu. Suna magani da lantarki ke nan, ba su san sunansa ba.

Larabawa suka raɗa wa minjirya suna ra'ad, watau mai tsawa ko mai sa makyarkyata. Shahararren malamin nan kuma likita, Abdullaɗif al-Bagadadi, wanda aka haifa a 1162 ya rasu a 1231, ya zauna Alƙahira, ya kuma bayyana ta a littafinsa na abubuwan da ya gani a Misira. Ya faɗi yadda hannun wanda ya taɓa ta yake mutuwa har kafaɗa. Ya kuma kawo labarin masunta da masu iyo, cewa abin yakan same su ko da jikinsu bai haɗu da nata ba. A nan malamin ya yi abin da ya kamata: ya tambayi masu sana'ar, ya rubuta abin da suka ce. Sai dai a zamaninsa ba wanda ke da abin auna wannan ƙarfi.

Kwalba, Kifin Fata da Batir

Wajen 1745 Turawa suka ƙago wata kwalba mai tara lantarki, wadda aka fi sani da kwalbar Laidin, sunan wani gari a Holan. In mutum ya taɓa ta sai ta ja shi. Ba da daɗewa ba wani saurayi Bafaranshe, Michel Adanson, ya zo Sanagal nazarin tsirrai da dabbobi. A 1751 ya gamu da minjirya a Kogin Sanagal, ya ce jan da ta yi masa daidai yake da na kwalbar nan, kuma yana bi ta sandar ƙarfe. Wannan yana cikin karo na farko da aka haɗa kifi da lantarki a rubuce, kuma a Afirka ta Yamma aka yi shi.

Malaman Turai da yawa suka ƙi yarda. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: ruwa yana shanye lantarki, to yaya za a yi dabbar da ke zaune cikin ruwa ta tara shi, balle ta harba? A 1772 wani Bature ɗan Ingila, John Walsh, ya tafi La Rochelle a gaɓar Faransa, ya jera mutane riƙe da hannun juna, ya nuna cewa jan tofido yana bi ta ƙarfe da jikin mutum, amma ba ya bi ta gilashi, kamar dai lantarki. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba.

Wanda ya kashe bakinta shi ne Henry Cavendish, a 1776. Ya ɗinka kifin ƙarya da fatar takalmi, ya manna masa faranti biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya haɗa su da jerin kwalaben Laidin, sa'an nan ya tsoma shi cikin kwamin ruwan gishiri. Duk wanda ya sa hannu cikin ruwan kusa da kifin sai wuta ta ja shi. Cavendish ya bayyana cewa lantarki ba hanya ɗaya yake bi ba. Yakan rarrabu ya bi duk hanyar da ya samu, mai sauƙi ta ɗauki kaso babba, mai wuya ta ɗauki kaɗan. Ruwa na cin kaso mai yawa, amma abin da ya rage ya isa ya ratsa hannu. 

Daga nan sai Alessandro Volta na Italiya. A wasiƙarsa ta ran 20 ga Maris, 1800, ya ba da labarin wani abu da ya haɗa: faifan tutiya, faifan azurfa ko tagulla, da kwali jiƙe da ruwan gishiri, an jera su bisa juna har sun yi tsawo. Shi da kansa ya kamanta abin da gaɓar lantarkin kifi, ya ce ya yi irinta ne da hannu. Wannan shi ne batir na farko. Saboda haka batirin da ke cikin tocila da rediyo da wayar hannu, in an bi salsalarsa, jikan kifi ne.

Minjiryar Kalaba a Balin

A tsakiyar ƙarni na 19 sai labarin ya iso ƙasar da ta zama Nijeriya. Masu wa'azin Kirista 'yan Sikotlan da ke zaune a Kalaba suka riƙa aika kifayen wurin zuwa Edinbara. A 1855 Andrew Murray ya bayyana wata irin minjirya daga can, ya ba ta sunan kimiyya. Masu wa'azin sun kuma ba da labari cewa mutanen Kalaba sukan sa yaro marar lafiya cikin ruwan da aka saki kifin, don neman sauƙi. A 1857 aka yi nasarar kai waɗansu da ransu har Balin, wurin Emil du Bois-Reymond, wanda shi ne kan gaba a nazarin lantarkin jikin dabba a lokacin. Ya ajiye su cikin ruwan ɗumi, ya yi ta auna wutarsu da na'urori.

A cikin wannan shekara ta 1857 wani likita Bajamushe da ke aiki a Alƙahira, Theodor Bilharz, ya buga littafi a kan minjiryar Nilu. Ɗaliban likitanci sun san sunansa, don shi ne ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya a 1851. Ya feɗe kifin, ya tarar cewa duk wannan tashar lantarki, ƙwayar jijiya ɗaya tak ce ke ba ta umarni a kowane gefe na jiki. Shi ya sa dubban ƙananan batura da ke cikin naman suke tashi kusan lokaci guda.

Sai mai karatu ya tsaya ya duba wannan ciniki. Masuncin Kalaba ne ya san inda kifin ke kwana, ya san yadda ake kama shi ba a ji ciwo ba, ya san abin da zai ci ya rayu. An rubuta sunan wanda ya karɓa a Edinbara, an rubuta na wanda ya auna a Balin. Shi kuwa mai komar ba a tuna da shi ba.

Ɗan Sarki

Bayan kusan shekara ɗari, wani kifin namu ya sake buɗe wata ƙofa. Shi ne ɗan sarki, dogon kifin nan mai wutsiya kamar ta ɓera, wanda ke iyo da ƙayar bayansa tana kaɗawa kamar tuta. Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya lura cewa kifin nan yana iyo da baya ba ya karo da kome, ga shi kuwa idonsa ba shi da ƙarfi. Ya sa na'ura cikin ruwan, ya tarar wutsiyar tana fitar da wuta 'yar kaɗan ba tsayawa, wajen sau 300 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ya buga wannan a 1951, ya kuma zo arewacin ƙasar da ake kira Gana yanzu don ya ga irin kifayen nan a gidansu. A 1958 shi da abokin aikinsa Ken Machin suka tabbatar cewa kifin yana kewaye kansa da lantarki ne, duk abin da ya shigo ciki sai ya ji sauyin a fatarsa. Watau minjirya na aika ƙarfi, ɗan sarki kuwa labari yake nema. Waɗannan su ne ayyuka biyu da injiniyoyi ke fama da su a ƙarƙashin ruwa har yanzu.

Ƙoƙarin 'Yan Adam

Ta wajen aika labari aka fara. A watan Oktoba na 1842 Samuel Morse ya shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin ruwan tashar jiragen New York, sai ƙugiyar wani jirgi ta tsinke ta ana tsakiyar nuna wa jama'a. Wannan ya sa ya yi tunanin ko ruwan kansa zai iya zama waya. A watan Disamba na shekarar ya tsoma faranti biyu na ƙarfe a kowace gaɓa ta wata hanyar ruwa a Washinton, saƙo kuwa ya ƙetare. James Bowman Lindsay na Dundee ya karɓi takardar mallakar irin wannan dabara a 1854, ya kuma gwada ta a Kogin Tay. Amma yawancin wutar watsewa take yi cikin ruwa, abin da ke isa ɗaya gaɓar bai wuce ya motsa allura ba. Hanyar minjirya ke nan, kuma iyakarta ke nan.

Hanya ta biyu daga Michael Faraday ta fito. Ran 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ba su taɓa juna ba. Da ya kunna wuta a ɗaya, sai ta motsa a ɗayar. Abin da ya ƙetara tsakaninsu ƙarfin maganaɗisu ne. Kowace taransifoma da ke kan turaku a Tudun Wada da wannan ƙa'ida take aiki. Nikola Tesla ya so ya faɗaɗa abin ya game duniya duka. Ya fara gina wata hasumiya a Wardenclyffe kusa da New York a 1901, kuɗi suka yanke, aka rushe ta a 1917. Sai a 2007 ne Marin Soljačić da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka suka kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga nisan mita 2, da gammo biyu na waya da aka daidaita kaɗawarsu, ko da yake wajen kashi 40 cikin ɗari na wutar ne kawai ya isa. Mai ɗora wayar hannu a kan faifan caji yana cin moriyar Faraday ne.

Hanya ta uku ita ce ƙara. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Paul Langevin na Faransa yana neman hanyar gano jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. A 1917, a tashar Toulon, ya yi amfani da wani dutse mai sheƙi kamar ƙarau, wanda ke kaɗawa in an ba shi lantarki, yake kuma ba da lantarki in an matsa shi. Ƙarar da ya aika, wadda kunne ba ya ji, ta yi ƙarfin da har ƙananan kifayen da suka gitta suka mutu. Da irin wannan dabara ce Fadel Adib da ɗalibansa na MIT suka nuna wata kyamarar ƙarƙashin ruwa marar batir a 2022, wadda ke samun wutarta daga ƙara.

Gishiri Shi Ne Alƙali

Me ya sa aikin ya yi wuya haka? Amsar tana ga gishiri. Ruwan teku ya fi ruwan kogi saurin ɗaukar lantarki, sau ɗari ko fiye. Kifaye ma sun bi wannan doka. Minjirya, da ke ruwan daɗi mai taurin kai, ƙarfin turi take bukata, shi ya sa bolt ɗinta ke da yawa. Tofido kuwa, da ke ruwan gishiri, bolt ɗinsa kaɗan ne amma wutar da ke kwarara mai yawa ce. Kamar bambancin siririn famfo mai feshi ne da babbar lambatu mai gudu a hankali.

Ga injiniya kuwa, gishirin nan ɓarawo ne. In gammon waya ya aika ƙarfin maganaɗisu cikin teku, ruwan da kansa sai ya riƙa yin 'yan ƙananan guguwar lantarki, su mai da ƙarfin zafi. Gwargwadon saurin kaɗawar wutar, gwargwadon hasarar. Shi ya sa igiyar rediyo ba ta nisa cikin teku, shi ya sa kuma cajin da ake yi a can sai an kusanto da gammo biyun har tazararsu ba ta wuce santimita kaɗan ba.

To, in haka ne, mene ne amfaninsa? Amfaninsa shi ne soket ba ya shiri da teku: tsatsa ta ci shi, gansakuka da ƙananan halittu su toshe shi, ruwa ya shiga ya haɗa wuta. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu binciken teku a Amurka suka fara gwada tashoshi a ƙarƙashin ruwa, inda ƙaramin jirgi marar matuƙi zai shiga kamar kaza a akurki, ya sha caji ta gammo rufaffe, ya sauke labarin da ya tara, ya koma aiki. Wannan ba tatsuniyar nesa ba ce ga Nijeriya. Rijiyoyin man Bonga, da suka fara aiki a 2005, suna wajen kilomita 120 daga gaɓa, a ruwan da zurfinsa ya wuce mita 1,000, inda ba mai nutson da zai iya zuwa, sai inji. Haka kuma bangon madatsun ruwa irin na Kainji da Shiroro da Tiga suna bukatar a riƙa duba su daga ƙasa, kuma a ruwan daɗi hasarar gishiri kaɗan ce.

Kammalawa

Daga kifin fata na Cavendish zuwa yau shekara kusan 250 ke nan, amma har yanzu wuta mai yawa ba ta tafiya nesa cikin ruwa ba waya. Inda minjirya ta tsaya, kusan nan mu ma muka tsaya. Abin da ya sauya shi ne an san dalili, an kuma iya aunawa.

Darasin da ya shafe mu a fili yake. Abin da ya raba Adanson da masuncin Kogin Sanagal ba yawan sanin kifin ba ne, don masuncin ya fi shi. Shi dai ya rubuta ne, ya kwatanta da abin da ya sani, waɗansu suka karanta suka ɗora. Mu kuwa muna da Sarkawa da Kabawa, muna da bikin Argungu tun 1934, muna da cibiyar binciken kifi a New Bussa, ga jami'a a Zariya tun 1962. A nan Tudun Wada ne kamfanin Gaskiya ya kafu, kuma Abubakar Imam da Rupert East sun nuna da littafinsu Ikon Allah cewa Hausa na iya ɗaukar ilmin halitta.

Saboda haka ga shawara ga 'yan wannan ƙungiya. Ɗalibin Hausa ya nemi ɗan'uwansa na sashen nazarin dabbobi ko na injiniyan lantarki, su tafi bakin Galma tare lokacin hutu. Su tambayi masunta sunayen kifayen nan a karin harshe dabam dabam, da lokacin da minjirya ta fi ja, da yadda ake cire ta daga koma, da abin da ake yi da fatarta, da karin maganar da aka yi a kanta. Ɗaya ya rubuta, ɗaya ya auna. Sa'an nan, in an zo bugawa, a sa sunan masuncin da garinsu, da yardarsa, a shafi na farko.